Lasisin da Ba Ya Ƙetare Iyakar Jiha: Shari'ar Matar Wani Soja da Hukumar Ilimi ta Texas

A watan Oktoban 2022 wata mata ta nemi hukumar ilimi ta jihar Texas da ke Amurka ta ba ta takardar izinin aiki a makarantun jihar. Sana'arta ba ɗalibai shawara ce. Ita ce irin jami'ar da ake ajiyewa a makaranta saboda yaron da karatunsa ya ja baya, ko wanda rigimar gida ta biyo shi har cikin aji, ko mai son a nuna masa hanyar shiga jami'a. Ba baƙuwa ba ce a aikin. Tana riƙe da lasisi biyu, ɗaya daga jihar Ohio, ɗaya daga Missouri, kuma ta yi aiki da kowannensu a cikin shekarar 2022. Aure ne ya kawo ta Texas. Mijinta kyaftin ne a rundunar sojan sama, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa sansanin Laughlin, inda ake horar da matuƙan jiragen yaƙi, a gefen garin Del Rio da ke bakin iyakar Amurka da Meziko.

Hukumar ta ƙi ba ta takardar. Ba a ce ta yi laifi ba, ba a ce lasisinta na jabu ne ba, ba a kuma ce karatunta ya gaza ba. Sharaɗin da ya tokare ta shi ne sai ta kawo shaidar cewa ta yi shekara biyu tana aikin cikakken lokaci, na albashi, a wannan muƙami. Ita kuwa lasisinta na farko ma bai cika shekara biyu a hannunta ba.

Del Rio ƙaramin gari ne, mutanensa ba su wuce dubu 35 ba, kuma babban birni mafi kusa, San Antonio, yana da nisan kusan kilomita 240. Wadda aka rufe wa ƙofar makaranta a irin wannan wuri ba ta da wasu ƙofofin da yawa da za ta ƙwanƙwasa. Kuma shekara biyun da ake nema ba za ta iya tara su a Texas ba, tunda sai da takardar ake ɗaukar mutum aikin. Hanya ɗaya ta rage mata a bisa wannan ƙa'ida: ta bar mijinta ya tafi shi kaɗai, ita ta zauna a Missouri har lokacin ya cika.

Me ya sa lasisi ke tsayawa a iyaka

Mai karatu a Najeriya zai iya ganin abin banbaraƙwai. Ma'aikaciyar jinya da ta yi rajista da hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa, takardarta ɗaya ce ko a Sakkwato ko a Kalaba, haka ma malamin da ke da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Matar sojan da aka tayar da mijinta daga Jaji zuwa Maiduguri tana da nata tashin hankalin, domin aikin da gwamnatin wata jiha ta ɗauke ta ba ya binta zuwa wata, amma dai takardar sana'arta ba ta mutuwa a hanya.

A Amurka tsarin daban ne. Ikon tantance wanda zai yi wace sana'a yana hannun jihohi, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar musu da shi tun 1889, a shari'ar wani likita da jihar West Virginia. Kowace jiha cikin hamsin tana da hukumominta: ta jinya, ta malamai, ta masu haɗa magani, ta masu gyaran gashi, ta dillalan gidaje. Kowace hukuma da jarrabawarta, da kuɗinta, da yawan sa'o'in horon da take nema. Abin kuma ya yi ta faɗaɗa. A shekarun 1950 kusan kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatan ƙasar ne ke buƙatar lasisi, amma wani rahoton fadar shugaban ƙasa na 2015 ya nuna adadin ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Ga mutumin da aka haifa a jiha ɗaya, ya yi karatu a can, ya yi ritaya a can, wannan wahala ce ta sau ɗaya a rayuwa. Iyalin soja kuwa duk shekara biyu zuwa uku ake tayar da su, kuma ba a shawartar su kan inda za a kai su. Rahoton haɗin gwiwa da ma'aikatar kuɗi da ta tsaro suka fitar a Fabrairun 2012 ya gano cewa kusan kashi 35 cikin ɗari na matan sojoji masu aiki ko neman aiki suna cikin sana'o'in da ke buƙatar lasisi, kuma koyarwa, renon yara da jinya su ne kan gaba. Ya kuma nuna cewa yiwuwar su ƙaura daga jiha zuwa jiha a cikin shekara ta ninka ta matan farar hula fiye da sau goma. Na ce mata ne domin wajen tara cikin goma na abokan auren sojojin Amurka mata ne, amma akwai mazan da matansu ke sanye da kaki, kuma dokar ɗaya ce a kansu.

Taimakon da aka daɗe ana bayarwa

Ba za a ce an yi watsi da matan nan ba. A shekarar 2011 kaɗai an kafa manyan shirye-shirye uku. A watan Maris cibiyar 'yan kasuwa ta Amurka ta fara Hiring Our Heroes, mai shirya tarukan haɗa masu neman aiki da kamfanoni. A Afrilu Michelle Obama da Jill Biden, matan shugaban ƙasa da mataimakinsa na lokacin, suka ƙaddamar da Joining Forces, shirin tallafa wa iyalan sojoji, daga fadar White House. A Yuni ma'aikatar tsaro ta buɗe ƙawancen MSEP, inda ɗaruruwan kamfanoni suka yi alƙawarin ɗaukar matan sojoji aiki. Ga kuma tallafin karatu na MyCAA, wanda ke biya wa matan ƙananan sojoji har dala 4,000 domin su sami lasisi ko takardar shaidar sana'a. Daga baya majalisa ta amince a riƙa mayar wa iyali kuɗin da suka kashe wajen sake lasisi bayan canjin wurin aiki, dala 500 da farko, sannan aka ɗaga zuwa 1,000.

Duk da haka alƙaluman sun ƙi motsi. Binciken da ma'aikatar tsaro ke yi a kai a kai ya nuna rashin aikin yi a tsakanin matan sojojin da ke bakin aiki ya tsaya tsakanin kashi 20 zuwa 24 cikin ɗari tun 2015. A 2021 kashi 21 ne. A kwatanta da tsofaffin sojoji. Waɗanda suka yi aiki bayan harin 11 ga Satumban 2001 rashin aikinsu ya kai kashi 12.1 a 2011, amma zuwa 2019 ya sauko zuwa 3.5. Gaskiya ne hukumomi biyu ne suka yi ƙidayar, kowace da ma'auninta, don haka ba a jera lambobin kafaɗa da kafaɗa. Amma alkiblar a bayyane take: ɗaya ya faɗo, ɗaya ya tsaya cik.

A ganina dalilin bai da wuyar ganowa. Tsohon soja sau ɗaya yake tsallakowa daga bariki zuwa rayuwar farar hula. In aka koya masa rubuta takardar neman aiki, aka haɗa shi da kamfani, aka ba kamfanin rangwamen haraji kamar yadda dokar 2011 ta tanada, ya zauna ke nan. Matar soja kuwa tsallakawar ba ta ƙarewa. Yawancin taimakon da aka tsara mata ya ɗauka cewa ƙwarewa ce ta yi mata ƙaranci, ko rashin sanin mutane, sai aka yi ta ba ta horo da taro. Matar da muke magana a kanta ba ta rasa ko ɗaya ba. Tallafin dala 4,000 zai saya mata lasisi na uku ne kawai, wanda shi ma zai tsaya a iyakar jihar da ta ba da shi.

An gane wannan tun da wuri. A 2012 Michelle Obama ta roƙi gwamnonin jihohi su yi dokokin sauƙaƙa lasisin matan sojoji, kuma zuwa 2016 aka sanar cewa duk jihohi hamsin sun ɗauki wani mataki. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Wata jiha ta rubuta cewa hukuma "tana iya" amincewa da lasisin waje, ba "dole ne" ba. Wata ta ce sai in sharuɗɗan jihar da aka fito sun yi daidai da nata, kuma ita hukumar ce mai yanke hukunci kan daidaiton. Wata ta cire malaman makaranta daga dokar gaba ɗaya. Mace za ta karanta a jarida cewa an warware matsalar, ta je ofis a ce mata ba a san zancen ba.

Dokar 5 ga Janairun 2023

Ana cikin haka, wata uku bayan an ƙi karɓar takardarta, doka ta canza. Ranar 5 ga Janairun 2023 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan wata dokar tsofaffin sojoji da aka cusa wa wani ɗan sashe kan lasisi, wanda ɗan majalisar wakilai na lokacin Mike Garcia, tsohon matuƙin jirgin yaƙin sojan ruwa, da Sanata Mike Lee suka daɗe suna nema. An saka sashen ne a cikin dokar SCRA, wadda asalinta ke komawa ga wata doka ta 1940. Ita ce ke kare soja daga matsalolin gida yayin da yake bakin aiki: ta ƙayyade ruwan bashin da ya ci kafin shiga soja a kashi 6 cikin ɗari, ta ba shi damar fasa yarjejeniyar haya in an tayar da shi, ta hana a yanke masa hukunci a bayan idonsa.

Sabon sashen gajere ne. Ya ce idan soja ko matarsa suka ƙaura zuwa wata jiha saboda umarnin soja, lasisin da suke da shi zai ci gaba da aiki a sabuwar jihar, a kan irin aikin da ya ba su dama a da, har tsawon wa'adin umarnin. Sharuɗɗan su ne a miƙa kwafin umarnin ga hukumar sabuwar jihar, a kasance ba a da tabo a wurin hukumar da ta ba da lasisin, sannan a yarda a bi ƙa'idojin aiki, ladabtarwa da ƙarin horo na sabuwar jihar. An cire lasisin lauyoyi. An kuma ce inda akwai yarjejeniya tsakanin jihohi, kamar wadda ma'aikatan jinya ke da ita tun 2000, ita za a bi.

Sai jimla guda da ta zama ƙashin bayan shari'ar. Dokar ta ce lasisin da take karewa shi ne wanda mai shi ya yi aiki da shi a cikin shekaru biyun da suka gabaci ƙaurar.

A watan Fabrairu matar ta koma wa hukumar da wannan doka a hannu. Amsar ba ta canza ba. A watan Mayu ta shigar da ƙara a kotun tarayya ta yammacin Texas, tana ƙarar kwamishinan ilimi na jihar, Mike Morath, da hukumar ilimi, da hukumar ba malamai takardar shaida.

A gaban alƙali

Shari'ar ta faɗa hannun Mai Shari'a Robert Pitman a birnin Austin, kuma gardamar duka ta taru a kan jimlar nan. Lauyoyin Texas suka ce ma'anarta ita ce mutum ya yi shekara biyu cur yana aiki da lasisin, ba yankewa. In haka ne, dokar tarayya da ƙa'idar Texas abu ɗaya suke faɗa, mai ƙara kuma ba ta cika ko ɗaya ba. Ita kuma ta ce shekaru biyun tazara ce da aka shata: in ka yi aiki da lasisinka a wani lokaci a cikinta, ka shiga. Abin da majalisa ke gudu shi ne mutum ya zaro lasisin da ya yi shekara goma a akwati, ba wai ta hana wadda ta bar aiki jiya-jiya ba.

A tsakiyar watan Yuli ma'aikatar shari'a ta tarayya ta shigo, ta gabatar wa kotu matsayarta a rubuce, ta goyi bayan fassarar mai ƙara. A daidai wannan lokaci ta aika wa hukumomin lasisi na jihohi wasiƙa tana sanar da su sabon sashen. Wannan wasiƙar ita kanta shaida ce. Wata shida bayan doka ta fara aiki, sai da aka tunatar da waɗanda aka ɗora wa aiwatar da ita cewa tana nan.

Ranar 21 ga Yulin 2023 alƙalin ya ba da umarnin wucin gadi, ya hana hukumomin Texas tilasta mata sharaɗin shekara biyun. Ya karɓi fassarar da ke cewa aiki a wani lokaci cikin tazarar ya wadatar. Tun 1943 Kotun Ƙoli ta riga ta ce a riƙa fassara wannan dokar da sassauci, ta yadda za ta amfani waɗanda suka ajiye harkokinsu domin hidimar ƙasa. Kuma tsarin mulkin Amurka ya ce inda dokar tarayya ta yi karo da ta jiha, ta tarayya ce a sama. Ranar 20 ga Nuwamba ya yanke hukuncin ƙarshe, umarnin ya zama na dindindin. Wannan ce shari'ar farko da ta gwada sabon sashen a kotu.

Ranar umarnin farko tana da nauyi fiye da yadda ake gani. Makarantun Texas a watan Agusta suke komawa, kuma kafin nan ake cike guraben aiki. Wadda ta rasa wannan zagaye sai ta jira baɗi. In wa'adin mijinta a sansanin shekara uku ne, shekara ɗaya ta tafi a jira, ta biyu ta fara aiki, ta uku ana ɗaure kaya. Shi ya sa jinkirin ofis, wanda wani zai ɗauka ɓacin rai ne kawai, yake cinye kashi ɗaya cikin uku na zaman matar soja a gari.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a fassarar Texas shi ne lissafinta. A ɗauki matar da aka kawo mijinta wata jiha, ta yi wata huɗu ko biyar tana neman lasisi da aiki, ta fara, sai bayan shekara biyu da isowarsu aka sake tayar da su. Aikin da ta yi bai kai shekara biyu ba. A jiha ta gaba za a ce ba ta cika sharaɗi ba, ta sake farawa daga tushe, a sake tayar da su kafin ta cika. In ta haihu a tsakani ta ɗan huta, lissafin ya rushe. In mijin ya tafi fagen daga ta ajiye aiki na wasu watanni saboda yara, haka nan. Wato dokar da aka yi domin masu yawan ƙaura za ta amfani waɗanda ba su ƙaura ba ne kaɗai. Da wuya a ce majalisa ta zauna ta rubuta wannan da gangan.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne a faɗi abin da ke bayan matsayin jihar, domin ba mugunta ba ce tsagwaronta. Mai ba ɗalibai shawara ita ce sau da yawa ke fara gane yaron da ake cutarwa a gida, ko wanda ke tunanin hallaka kansa. Jiha tana da haƙƙin ta ce ba za ta damƙa wannan aiki ga wanda bai goge ba. Kuma sharuɗɗan jihohi sun bambanta da gaske: wata tana neman sa'o'in horo da yawa, wata kaɗan. Idan aka ce kowane lasisi ya wuce, to jihar da ta fi sassauci ita ce ta tsara wa kowa. Akwai kuma ƙorafin 'yar Texas da ta bi duk matakan, sai ta ga wata ta shigo ba tare da ta bi su ba.

Na yarda da damuwar, amma ban ga ta kai inda suke son kai ta ba. Dokar ba ta ƙwace wa Texas ikon ladabtarwa ba. Matar tana ƙarƙashin ƙa'idojinsu tun daga ranar da ta fara aiki, in ta yi ba daidai ba su hukunta ta. Dokar ba ta kuma tilasta wa kowace makaranta ɗaukar ta ba. Shugaban makarantar da ke son mai shekara goma a aiki yana da ikon ya zaɓi wata. Abin da aka hana shi ne a rufe mata ƙofa tun kafin a duba takardunta. Sannan jihohi biyu sun riga sun tantance ta, yaran Ohio da na Missouri sun zauna a gabanta. Babu wanda ya nuna cewa ketare iyakar Texas ya rage mata wani abu.

Ita kuwa gwamnatin tarayya ba don tausayi kawai ta shiga ba. Tun 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja dole, kowa da ransa yake shiga, da ransa yake sabunta wa'adi. A shekarar kuɗi ta 2022 rundunar sojan ƙasa ta nemi sabbin sojoji dubu 60, ta gaza da kusan dubu 15. Matuƙin jirgin da aka kashe miliyoyin daloli wajen horar da shi, in matarsa ta gaji da zaman gida da digiri a hannu, kamfanonin jiragen fasinja suna jiransa da albashi mai tsoka. A ƙananan muƙamai kuwa maganar ta abinci ce. Wani binciken RAND, wata cibiyar bincike ta Amurka, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sojojin da ke bakin aiki sun fuskanci ƙarancin abinci a gidajensu a 2018. Gidan da albashi ɗaya ke riƙe da shi a ƙasar da yawancin ma'aurata masu yara ke da biyu, dole ya ji a jikinsa.

Inda hukuncin bai kai ba

Nasarar ta matar nan ce da lasisinta. Hukuncin kotun tarayya ta matakin farko ba ya ɗaure sauran jihohi, sai dai lauya ya ɗauke shi ya nuna a wani wuri. Kuma a duba abin da ya ci: wata tara daga ranar da ta nemi takardar zuwa umarnin farko, da lauya, da shigowar ma'aikatar shari'a. Matar kofur mai gyaran gashi da aka mayar da ita daga ofis da irin wannan amsa, da wuya ta san akwai sashen da ya ba ta damar kai ƙara, balle ta sami kuɗi da ƙarfin halin yin hakan. Yawanci sai ta haƙura ta kama aikin kanti.

Lasisi kuma ba aiki ba ne. Mai ɗaukar ma'aikata yana ganin adireshin bariki ya san ba za ta daɗe ba. Shekarun da ta tara a wata jiha ba lallai a lissafa mata su a ma'aunin albashi ba. Fanshon malamai a yawancin jihohi yana buƙatar shekaru biyar ko fiye kafin mutum ya cancanta, don haka mace na iya koyarwa shekara ashirin a jihohi bakwai ta tashi ba ta da fansho a ko ɗaya. Idan aka kai mijin Jamus ko Italiya ko Japan, sai a shiga wani babin, na yarjejeniyar zaman sojoji da ƙasar da ta karɓe su, wadda kan taƙaita irin aikin da iyali za su yi.

Sashen bai kuma shafi wanda ba umarnin soja ne ya tayar da shi ba. Tsohon sojan da ya yi shekaru yana ɗinke raunuka a Iraƙi ko Afganistan, in ya cire kaki sai ya nemi takardar farar hula kafin ya shiga motar ɗaukar marasa lafiya. Direbobin manyan motocin soja sun fi sa'a, domin jihohi suna yafe musu gwajin tuƙi na lasisin manyan motoci in sun cika sharuɗɗa. Masu jinyar sojojin da suka dawo da rauni su ne aka fi mantawa. RAND ta ƙiyasta su da miliyan 5.5 a 2014, miliyan 1.1 daga cikinsu suna kula da waɗanda suka yi yaƙoƙin bayan 2001. Doka ta ba su hutun jinya har mako 26 a shekara, amma ba albashi. Wasunsu na samun alawus daga ma'aikatar tsofaffin sojoji a ƙarƙashin shirin da aka kafa da dokar 2010. Matsalarsu ta lokaci ce: mai kai miji asibiti sau uku a mako ba lasisi ke hana ta aiki ba. Umarnin da Biden ya sa wa hannu ranar 9 ga Yunin 2023, ana tsakiyar wannan shari'a, ya haɗa su da matan sojoji da iyalan waɗanda suka rasu, ya umarci ma'aikatun tarayya su sauƙaƙa ɗaukarsu da ba su damar aiki daga gida. Amma ikonsa bai wuce ma'aikatun gwamnatin tarayya ba, kuma umarnin shugaban ƙasa wani shugaban na iya soke shi.

Gyaran Disambar 2024

Majalisa ta koma kan sashen a dokar kasafin tsaro da aka sa wa hannu ranar 23 ga Disambar 2024. Jimlar shekara biyun da aka yi ta ja-in-ja a kanta an goge ta ɗungurungum. Yanzu abin da ake dubawa shi ne lasisin yana da rai, ba a soke shi ba, ba a taɓa hukunta mai shi ba, ba a kuma cikin binciken sa. An shigar da lauyoyi, waɗanda aka ware a da.

An ba jihohi nasu kason. Mai nema sai ta cike takarda, ta haɗa da umarnin canjin wurin aiki, da takardar aure, da rantsuwa a rubuce mai hatimi cewa ta karanta sharuɗɗan sana'ar a sabuwar jihar kuma za ta kiyaye su. Hukuma tana da ikon bincikar tarihinta kafin ta amince. Idan hukumar ba ta iya kammalawa cikin kwana 30 ba, dokar ta ce tana iya ba da lasisin wucin gadi. "Tana iya" aka rubuta, irin lafazin da ya raunana dokokin jihohi a baya, kuma matar da hukuma ta zaɓi kada ta ba ta na wucin gadin, kotu ce dai za ta sake nufa.